Fashin teku ya lafa a Mashigin Gini, amma me ya sa har yanzu ake biyan kuɗin haɗari?

A shekarar 2020, ma'aikatan jiragen ruwa 135 aka yi garkuwa da su a duk tekunan duniya. Daga cikinsu, 130 a Mashigin Tekun Gini aka kwashe su, wato ruwan da ya haɗa gaɓar Najeriya da ta maƙwabtanta na Yammaci da Tsakiyar Afirka. Alƙaluman na hukumar IMB ne, wadda ke tattara rahoton hare-haren da ake kai wa jirage. A lissafinta, hare-hare 81 aka samu a yankin a wannan shekara. A 2021 suka dawo 34, a 2022 kuma 19.

Tun daga nan hukumomin Najeriya suke bugun ƙirji cewa ruwansu ya yi tsit. Amma kasuwar inshorar jirage da ke Landan ba ta cire yankin daga jerin wuraren haɗari ba, jirgin da zai shigo Legas kuma bai daina biyan ƙarin kuɗin da ake kira inshorar yaƙi ba. Mai sauraro sai ya rasa wa zai gaskata. Kowane ɓangare yana da hujja, kuma ba a gane hujjojin sai an san yadda aka raba teku, da abin da ƙasashen yankin suka ƙulla a tsakaninsu, da inda ƙullin yake kwancewa.

Layin da ba a gani a kan ruwa

Dokar teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda aka rattaba wa hannu a 1982, ta yanka ruwa gida-gida. Daga gaɓa zuwa mil 12 na ruwa, kimanin kilomita 22, mallakar ƙasa ne kamar tudunta. Daga nan zuwa mil 200, kusan kilomita 370, kifi da mai da duk arzikin da ke ciki na ƙasar ne, amma jiragen kowa suna da ikon wucewa. Abin da ya wuce haka kuma ba na kowa ba ne.

Sunan laifi ma da wannan layi yake tafiya. Idan aka tare jirgi a cikin mil 12, doka tana kiransa fashi da makami, kuma ƙasar da ke da ruwan ce kaɗai za ta kama, ta hukunta. Idan a waje da mil 12 ne, shi ne fashin teku na ainihi, wanda jirgin yaƙin kowace ƙasa yake da hurumin kama mai aikata shi. Akwai kuma wata ƙa'ida da ɓarayi suka fi kowa haddacewa: jirgin sojan da ya biyo mai laifi dole ya ja birki da zarar wanda ake bi ya faɗa ruwan wata ƙasa, sai dai in ta ba da izini.

A nan siffar gaɓar yankin take zama matsala. Gaɓar Togo ba ta kai kilomita 60 ba, ta Benin kuma ba ta wuce 125 ba. Kwale-kwale mai manyan injina biyu yana iya tashi daga ruwan Najeriya ya tsallake ƙasa biyu kafin a gama buga waya tsakanin hedikwatoci. Wanda ya san yadda 'yan bindiga suke wasa da iyakar Katsina da Maraɗi ba ya bukatar a yi masa dogon bayani.

Daga satar mai zuwa satar mutum

Tushen abin yana Neja Delta. A shekarun 2000 ƙungiyoyin tsageru irin su MEND sun ƙware wajen kai hari a kan ruwa da kama ma'aikatan mai. Afuwar da marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya yi musu a 2009 ta kwantar da tarzomar, amma ƙwarewa da makamai da sanin lungunan ruwa ba su tafi ko'ina ba.

Daga 2010 zuwa wajen 2014 sana'ar ita ce kama jirgin dakon mai. A tafi da shi wani wuri, a tsiyaye man cikin wani jirgi, a sake shi bayan 'yan kwanaki. Da sojojin ruwan Najeriya suka matsa, sai ɓarayin suka karkata zuwa ruwan Kwatano a 2011. Masu inshora suka sa Benin cikin jerin haɗari, jirage suka fara ƙaurace wa tashar, kuma ƙasar da babban kaso na kuɗin shigarta daga kwastan yake fitowa ta ji a jikinta. Shugaba Boni Yayi ya kai kuka Majalisar Ɗinkin Duniya. A watan Satumba na shekarar Najeriya da Benin suka fara sintirin haɗin gwiwa, Kwamitin Tsaro kuma ya fitar da ƙuduri mai lamba 2018 a 2011 da mai lamba 2039 a 2012, yana kiran ƙasashen yankin su haɗa kai.

Da farashin mai ya karye daga ƙarshen 2014, sai lissafi ya canza. Kwashe mai yana cin kwanaki, yana bukatar jirgi na biyu da mai saye. Kwashe mutane kuwa aikin sa'a ɗaya ko biyu ne. A hau jirgi, a zaɓi kyaftin da injiniyoyi, a gangara da su cikin surƙuƙin Neja Delta, a jira kamfani ya yi ciniki. Harin da aka kai wa jirgin kwantena Mozart a watan Janairun 2021 ya nuna inda abin ya kai. Jirgin ya baro Legas ya yi nisa sosai, yana kusa da tsibirin Sao Tome, maharan suka fasa ɗakin da ma'aikata suka kulle kansu, suka kashe injiniya ɗaya ɗan Azarbaijan, suka tafi da Turkawa 15.

Abin da aka ƙulla a Yawunde

A ranar 25 ga Yunin 2013 ƙasashe 25 na Yammaci da Tsakiyar Afirka suka sa hannu kan ƙa'idojin aiki tare a Yawunde, babban birnin Kamaru, ƙarƙashin inuwar ECOWAS da takwararta ta Tsakiyar Afirka da Hukumar Mashigin Gini. Tsarin da aka gina hawa-hawa ne. Babbar cibiya tana Yawunde. Ƙarƙashinta akwai ta Yammacin Afirka a Abijan da ta Tsakiyar Afirka a Pointe-Noire, a ƙasar Kongo. Sai aka raba gaɓar shiyya-shiyya, kowace da ofishinta: Duwala, Kwatano, Akra, Praia. Shiyyar da ke da ofis a Kwatano ita ce ta Najeriya da Benin da Togo, aka kuma sa Nijar a ciki duk da ba ta da ko taku ɗaya na gaɓar teku, saboda kayanta ta waɗannan tashoshi suke shigowa.

Aikin cibiyoyin shi ne gani da sanarwa. Su ba su da jiragen yaƙi. Idan jirgi ya yi kururuwa, su ne za su isar da labari ga rundunar da ta fi kusa, su kuma bi sawun ɓarayi daga allo zuwa allo. Tarayyar Turai ta ba da kuɗin manhajar da suke musayar bayanai a kai. Faransa da Birtaniya suna gudanar da wata cibiyar karɓar rahoton jirage tun 2016. Amurka tana jagorantar atisayen Obangame duk shekara, Faransa kuma tana da jirgin yaƙi a yankin tun 1990.

Akwai lokutan da tsarin ya yi aiki kamar yadda aka zana shi. A watan Mayun 2020 aka sace wani jirgin kamun kifi na Chaina mai suna Hai Lu Feng 11 a ruwan Kwaddibuwa, da ma'aikata 18. Labari ya bi ta cibiyoyin, sojojin ruwan Najeriya suka tare shi a kudu da Legas, suka kama mutum 10. A Yulin 2021 Babbar Kotun Tarayya da ke Legas ta yanke wa kowannensu shekara 12. A wannan watan ne kuma wata kotu a Lome ta ɗaure mutum 9 kan harin da aka kai wa wani jirgin mai a 2019. Kafin 2019, lokacin da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar yaƙi da fashin teku, Najeriya ba ta da dokar da ta ambaci laifin da sunansa, balle a kai ga irin wannan hukunci.

Sai dai takardar Yawunde alkawari ce, ba ta da ƙarfin tilasta wa kowa. An yi niyyar mayar da ita cikakkiyar yarjejeniya cikin shekara uku, ba a yi ba. Yarjejeniyar Lome ta Tarayyar Afirka, wadda aka amince da ita a Oktoban 2016 domin ta zama doka ga nahiyar duka, ƙasashe da yawa sun sa hannu, amma waɗanda suka kammala amincewa da ita a gida ba su kai adadin da za ta fara aiki ba. Taron tsintsiya ba shara.

An kama, sai kuma yaya?

Labari biyu sun isa su nuna inda gizo ke saƙar.

A Nuwamban 2021 jirgin yaƙin Danmak mai suna Esbern Snare ya yi arangama da wani kwale-kwale a kudu da ruwan Najeriya. Mutum huɗu suka mutu, aka kama huɗu. Danmak ta nemi ƙasar da za ta karɓe su ta yi musu shari'a, ba ta samu ba. Bayan makonni sai aka sa uku a ƙaramin jirgi da abinci da mai, aka sallame su. Na huɗun, wanda aka yanke wa ƙafa saboda rauni, aka kai shi Danmak, kotu ta same shi da laifin jefa rayukan sojoji cikin haɗari, amma ba ta ɗaure shi ba. Jirgin kansa an janye shi a farkon 2022 da rikicin Yukren ya taso. Domin toshe irin wannan kafa ne ECOWAS ta amince, a Yulin 2022, da wata doka kan miƙa waɗanda ake zargi da fashin teku daga ƙasar da ta kama zuwa ƙasar da za ta iya hukuntawa. Doka ce mai kyau a takarda, amma tana bukatar ƙasar da za ta karɓa ta kasance da nata tanadin, da alƙalai da masu gabatar da ƙara da suka san yadda ake adana shaidar da aka ɗauko daga tsakiyar teku.

Labari na biyu ya fi ɗaure kai. A Agustan 2022 wani katafaren jirgin dakon ɗanyen mai, Heroic Idun, ya iso kusa da rijiyar mai ta Akpo, a tekun Najeriya. Jirgin sojan Najeriya ya tunkare shi da dare, shi kuma ya gudu, ya aika rahoton cewa 'yan fashi ne suka biyo shi. Najeriya ta sanar da maƙwabta, Ikwatoriyal Gini ta tsare jirgin, daga baya ta miƙa shi da ma'aikatansa 26, yawancinsu 'yan Indiya. Sai a tsakiyar 2023 aka sake su bayan sulhu a kotu da biyan tara. A wurin rundunar sojan ruwan Najeriya, wannan shi ne haɗin kan Yawunde a aikace: jirgi ya shigo ba da cikakken izini ba, ya gudu, maƙwabciya ta kama. A wurin masu jirgin da ƙungiyoyin ma'aikatan ruwa kuwa, kyaftin ya yi abin da aka koya masa ne, wato kada ya tsaya wa jirgin da bai tantance ba da dare, aka kuma tsare bayin Allah watanni tara. Tsibiran Marshall, waɗanda jirgin ke ɗauke da tutarsu, sun kai ƙarar Ikwatoriyal Gini kotun dokar teku da ke Hamburg. Abu ɗaya ne ya faru, amma masu inshora da sojoji darasi daban-daban suka ɗauka.

Sai batun kuɗi. Cibiyoyin Yawunde sun daɗe suna fama da ƙarancin ma'aikata da jinkirin gudummawar ƙasashe, kayan aikinsu da yawa kuma na masu ba da tallafi ne. Shirin tallafi yana da ranar ƙarewa.

Wa ya kashe wutar?

Gwamnatin Najeriya tana danganta raguwar da shirin Deep Blue, wanda aka ƙaddamar a Yunin 2021 kan dala miliyan 195 ƙarƙashin NIMASA, hukumar kula da sufurin ruwa ta ƙasar: manyan jiragen sintiri biyu, ƙananan jirage masu gudu 17, jiragen sama biyu, masu saukar ungulu uku, da jirage marasa matuƙa. Tana kuma nuna na'urorin sa ido na rundunar sojan ruwa da hukuncin kotuna. Lokacin ya yi daidai, wannan ba a musu.

Kamfanonin jirage da ƙasashen Turai suna ƙara nasu dalilan: jiragen yaƙin Italiya, Sifaniya, Faransa da Danmak da suka yawaita a yankin daga 2021, da matakan da jirage suka ɗauka na zagaye kansu da waya mai kaifi da hayar jiragen rakiya. Rakiyar nan ba kyauta ba ce, kuma tana cikin abin da ke tsadar da zuwa Legas.

Masu bincike kan Neja Delta suna da bayani na uku, wanda ba ya yi wa kowa daɗi. A ganinsu 'yan fashin sun canza sana'a ne kawai. Farashin mai ya tashi a 2021 da 2022, fasa bututu da tace mai a daji suka fi garkuwa da mutane riba da sauƙin haɗari. A 2022 ɗin ne haƙar man Najeriya ta faɗi ƙasa da ganga miliyan ɗaya a rana a wasu watanni, rundunar sojan ruwa ta ƙaddamar da farmakin da ta raɗa wa suna da Hausa, Dakatar da Ɓarawo, gwamnati kuma ta ba kamfanin tsohon jagoran tsageru Tompolo kwangilar gadin bututu. Idan wannan bayani ya yi daidai, an kashe maciji ne ba a sare kansa ba, kuma shi ne abin da masu inshora suke dubawa. Suna kuma nuni da cewa ba a daina ba gaba ɗaya: a Maris na 2023 an kwashe mutum shida daga jirgin Monjasa Reformer a kusa da Pointe-Noire, nesa da inda aka saba.

Hujja ba ta ba wa bayani ɗaya gaskiya shi kaɗai ba. Abin da ya fi kusa shi ne ukun sun haɗu a lokaci guda, kuma biyu daga ciki, jiragen baƙi da farashin mai, ba a hannun ƙasashen yankin suke ba.

Kan zuwan sojojin waje ma ra'ayi ya rabu. Masu jirage suna kawo misalin Somaliya, inda Kwamitin Tsaro ya ba jiragen yaƙin duniya izinin shiga ruwan ƙasar a 2008, fashi kuma ya lafa bayan 'yan shekaru. Najeriya da maƙwabtanta suna cewa Somaliya ba ta da gwamnati mai iko a lokacin, su kuwa suna da ita, ba kuma za su buɗe ruwan da rijiyoyin mansu suke ciki ba. Ƙudurin Kwamitin Tsaro mai lamba 2634 na Mayun 2022, wanda Ghana da Norway suka gabatar, ya bi ra'ayin ƙasashen yankin: nauyin yana wuyansu, na waje taimako ne nasu. A kan wannan ne Najeriya take neman a kafa rundunar ruwa ta haɗin gwiwa, ta kuma yi tayin hedikwatarta ta zauna a Legas.

Laifukan da ba sa shiga lissafin IMB

Lissafin da duniya take kallo na hare-haren da aka kai wa manyan jirage ne. Masunci a Elmina ta Ghana ko Limbe ta Kamaru kuwa, wannan ba shi ne damuwarsa ta farko ba. Damuwarsa manyan jiragen kamun kifi ne, da yawa mallakar baƙi amma da tutar gida, waɗanda ke share ƙananan kifi har a ruwan da aka keɓe wa masu kwale-kwale. A Ghana an daɗe ana wani ciniki da ake kira saiko, inda jiragen suke daskarar da irin wannan kifi su sayar wa masu kwale-kwale a tsakiyar teku. Kan matsalar kamun kifi ba bisa ƙa'ida ba, Tarayyar Turai ta ba Ghana katin gargaɗi a 2021, ta kuma haramta kifin Kamaru a farkon 2023. Kifi na ƙarewa, matashin da ya iya tuƙa kwale-kwale yana zaune ba aiki, mai neman ɗan aike a kan ruwa kuma ya san inda zai same shi.

Hodar iblis daga Kudancin Amurka ma ta wannan ruwa take bi. A Janairun 2019 an kama tan tara da rabi a jirgi ɗaya a Kep Bad, a Maris na 2021 kuma sojojin ruwan Faransa sun kama tan shida a Mashigin Gini. Abin da ya tsallake gaɓa wani ɓangarensa arewa yake yi ta Sahara: a Janairun 2022 jami'an Nijar sun kama fiye da kilo 200 a jihar Agadas. Tiramadol kuwa, da ta addabi matasa daga Kano zuwa Damagaram, a kwantena take sauka a Legas da Kwatano da Lome. Takardar Yawunde ta ambaci waɗannan laifuka duka, amma kuɗin tallafi da jiragen yaƙi sun fi bin laifin da ya taɓa ma'aikatan ƙasashe masu ƙarfi.

Yadda abin yake isa Kwari da Maraɗi

Wani nazari da cibiyar Stable Seas ta fitar a 2021 ya ƙiyasta cewa kuɗin fansar da 'yan fashin suke samu bai wuce dala miliyan biyar a shekara ba, alhali asarar da ƙasashen yankin suke yi, kai tsaye da a kaikaice, ta kusa dala biliyan biyu. Ratar da ke tsakani ita ce kuɗin inshora, da na rakiya, da alawus ɗin haɗari na ma'aikata, da jiragen da suka fasa zuwa, da harajin da bai shigo ba. Kamfanin jirgi ba ya haɗiye wannan kuɗi. Yana raba shi a kan kowace kwantena, mai shigo da kaya ya ɗora a kan dila, dila ta isa Kantin Kwari ko kasuwar Singa da shi a jikinta. Kayan da ke fita ma haka: riɗi da citta da zoɓo da fata da ake tarawa a Dawanau da tashoshin tudu na Kaduna da Dala, kuɗin dakonsu daga abin da zai shiga hannun manomi ake cire shi.

Kada dai a ɗora wa fashin teku abin da ba nasa ba. A farashin buhun shinkafa ko bandir ɗin shadda, canjin dala da kuɗin kwastan da cunkoson Apapa da shingayen hanya sun fi kuɗin haɗarin teku nauyi nesa ba kusa ba. Ko da gobe aka cire yankin daga jerin Landan, sauƙin da zai iso kasuwa kaɗan ne, kuma sai in gasa ta tilasta wa kamfanonin jirage su sauke farashi.

Lamarin Nijar ya fi sarƙaƙiya. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 aka rufe iyakarta da Benin, kaya suka koma bin Lome su ratso Burkina Faso da rakiyar soja. A Janairun 2025 kuma ta fice daga ECOWAS tare da Mali da Burkina Faso, alhali ɓangaren yamma na tsarin Yawunde a kan ECOWAS aka gina shi. Amma a daidai wannan lokaci ne ƙasar ta fi dogara da tekun fiye da kowane zamani. Bututun da ya taso daga Agadem, mai tsawon kusan kilomita 2,000, a Seme yake ƙarewa, a gaɓar Benin, kuma tun Mayun 2024 jiragen dakon mai suke lodin ɗanyen man Nijar a can. Kowane ɗayansu sai ya ratsa ruwan shiyyar da ofishinta yake Kwatano, kuma sojojin ruwan Benin da Togo da Najeriya ne za su amsa kira idan aka tare shi.